Filtar mai: a kowane juye ake canzawa, ko sai ta toshe?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu sani. Motata Corolla ce ta 2006, 'yar Amurka. Na kai ta juyen baƙin mai, sai yaron gareji ya ce mini a ƙa'ida duk juyen da aka yi ana haɗawa da filtar mai, wai man da muke sha yanzu ba shi da tsabta. Na kira yayana, shi kuma ya ce tunda ya sayi tasa bai taɓa canzawa ba, kuma lafiyarta ƙalau. Maganar wa zan ɗauka? Motar ba ta ba ni matsala, amma ina yawan bin hanyar Kano zuwa Zariya da yara a baya, ba na son abin da zai tsayar da ni a daji.

Direban Golf:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara tambayarsa wace filta yake nufi. Akwai ta baƙin mai, ita ce ake canzawa duk juye, babu gardama a kanta. Akwai ta iska, wadda hunturu ke cikawa da ƙura. Sannan akwai ta fetur. Yara da yawa a gareji suna cakuɗa su a baki.

Maman Ilham:
Ta fetur ya ce. Har ya ce sai an ɗaga kujerar baya.

Baba Bakanike:
To ya san inda take, amma bai san lokacinta ba. 'Yata, ki saurare ni da kyau.

Corolla daga 2003 zuwa 2008, filtarta ta fetur a cikin tanki take. An haɗa ta a gida ɗaya da famfon mai da abin da ke nuna miki geji. Kafin a kai gare ta sai an cire kujerar baya, a buɗe murfi, a zare tiyo da wayoyi, a kwance bakin tanki, a ciro famfon gaba ɗaya. Akwai roba a bakin tankin nan da ke hana mai da warinsa fita. Akwai ƙananan kilif na roba da zafin ƙasarmu ya riga ya gasa, taɓawa kaɗan sai su karye. Wanda ya ce a riƙa buɗe wurin nan duk juye, wallahi ɓarnar da zai jawo miki ta fi gyaran yawa. Na sha karɓar motocin da ke warin fetur a ciki, mai ita yana fama da ciwon kai, in ka bincika sai ka tarar an buɗe tankin ne an mayar da roba a karkace.

Amma shi ma yayanki bai cika daidai ba. Babu filtar da ba ta cika. Takarda ce a naɗe a ciki, duk dattin da ta kama yana nan tare da ita, ba ya zuwa ko'ina. Ranar da za ta shaƙe tana zuwa, sai dai ta wani ta riga ta wani.

Injiniya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in ɗora da abin da ke rubuce.

Dalilin da ya sa ake samun maganganu biyu shi ne littattafan motar ma ba bakinsu ɗaya ba. Littafin sabis na Corolla da aka sayar a Amurka bai sa wa filtar cikin tanki lokacin canji ba. Sun gina shi ne a kan man gidajen mansu. Amma kamfanin Toyota ɗin nan dai, a motocin da yake sayarwa a ƙasashe irin su Ostareliya da yankin Asiya, yakan rubuta a canza ta a kilomita 80,000. Kamfani ɗaya, filta iri ɗaya a cikin tanki, umarni daban. Abin da ya bambanta su man da ake zubawa ne da yanayin da motar ke aiki. Mu kuwa mun ɗauko motar Amurka muna ba ta man da ya bi ta tankoki da jarkoki iri-iri kafin ya iso gare mu, don haka littafin Amurka ba namu ba ne a wannan babin.

Wani abu kuma, Hajiya: agogon motarki mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 1 kilomita 1.6 ne. Kilomita 80,000 ke nan mil 50,000 a agogonki. Tsohuwar ƙa'idar da ake yawan ji, ta shekara 2 ko mil 30,000, ta motocin da filtarsu ke waje ce, kuma mil 30,000 ya kai kilomita 48,000. Mutane suna ɗaukar lambar su bar ma'aunin, sai lissafi ya rikice.

Mai Camry:
Injiniya, wane agogo kuma? Motocin da ake kawo mana ta Kwatano da Legas nawa ne ba a mayar musu da mileji baya ba? Mota ta shekara 18 a duniya a ce maka mil 90,000 ta yi. In da agogon za a bi, ai wasu ba za su taɓa canzawa ba.

Injiniya:
Gaskiyarka. Shi ya sa shawarata ga duk wanda ya sayi Beljiyam ita ce ya ɗauka ba a taɓa canza filtar ba. Ya canza sau ɗaya da mai kyau, ya rubuta lambar da ke agogo a ranar, daga nan ya fara nasa lissafin. Ko an taɓa agogon, tafiyar da ka yi bayan ka saya dai yana ƙirga ta daidai.

Direban Golf:
Ni dai kada wani ya karanta 80,000 ɗin nan ya je ya kashe motarsa. Golf 3 nake ja, haya nake yi tsakanin Kano da ƙauyukan hanyar Haɗeja. Filtata a waje take, gwangwani ne a ƙarƙashin mota kusa da tanki, aikin mintoci kaɗan. Ba na bari ta wuce kilomita 20,000. Inda nake zuwa ba kullum ake samun gidan mai a buɗe ba, dole wata rana ka tsaya wajen 'yan bumburutu. Jarkar da suke zuba maka mai da ita ba ka san me ta ɗauka jiya ba. Duk sanda aka cire mini tsohuwa nakan sa a juye ta ta bakin da mai ke shiga a cikin farar roba. Abin da ke fitowa ja ne kamar ruwan kududdufi, da ɓarɓashin tsatsa a ƙasa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai jira littafi ba.

Baba Bakanike:
Kai da Injiniya ba ku saɓa ba, motocinku ne suka saɓa. Golf, Fijo 406, Camry ta 1997 zuwa 2001, duk filtarsu a waje take, canjinta ba wahala, kuɗinta ba yawa. Irin waɗannan in mutum ya gaggauta canzawa bai yi asara ba. Ta cikin tanki kuwa ta fi girma, ta fi tsada, buɗe ta kuma yana da nasa haɗarin. Ba za a auna su da mudu ɗaya ba.

Tun zamanin 504 da ake haɗawa a Kaduna muke wannan aiki. Ita 'yar filtar roba ce gare ta, kana hango man a ciki, ka ga ta yi duhu ka zare ka sa wata. Kafireto kuma yana da haƙuri, in datti ya shige shi a kwance a wanke a hura, mota ta tashi. Injekta ba ta da wannan haƙurin. Ramukan da take fesa mai ta cikinsu ƙanana ne ƙwarai, ɗan abu kaɗan ke toshe su.

Ɗan Panteka:
Baba, da girmanka, ni ina da ja a nan. Mu a wajenmu ba kullum ake saye ba. A ciro filtar, a wanke da fetur, a sa mata iskar kwamfaresa ta baya, datti ya fita, a mayar. Talaka da ke neman na cefane ba zai riƙa zubar da abin da zai iya ƙara aiki ba. Na yi wa mutane da yawa haka kuma sun tafi suna godiya.

Baba Bakanike:
Sun tafi suna godiya, amma ka bi su ka ga inda suka kwana? Ɗana, abu biyu ne a cikin tankin, kada ka haɗa su. Akwai 'yar ragar da ke bakin famfo, ita tana tare manyan abubuwa ne don kada su shiga famfon. Wannan in ba ta yage ba ana iya wanke ta, ban hana ba. Sannan akwai filtar kanta mai takarda. Kamar mai tace gasara ne: ta fara da rariya ta cire dusa, sannan ta bi da ƙyalle mai laushi. Rariya ana kakkaɓe ta. Ƙyallen kuwa in ya huje, duk abin da ka tace ya koma ciki.

Iskar kwamfaresa tana yaga takardar nan, kuma a rufe take, ba ka ganin yagewar. Mota za ta saki jiki a ranar, mai ita ya ce aiki ya yi kyau, alhali mai ne ke wucewa ba tacewa. Bayan 'yan watanni ya dawo da injekta a toshe. Kuɗin da ya ƙi kashewa a filta ya ninka shi a wani wurin.

Ɗan Panteka:
To in babu sabuwar a kusa fa? Mutum ya tsaya a hanya da dare?

Baba Bakanike:
Lalura daban, sana'a daban. In a daji ne, ka bubbuga ta ka juye abin da zai fita don ya kai gari, kuma ka gaya masa gaskiya cewa gobe ya saya. Abin da ban yarda da shi ba ko a daji shi ne a cire filta a haɗa tiyo kai tsaye. Ina ganin masu yin haka, kuma ba sa gaya wa mai motar.

Injiniya:
Don a gane girman abin da ake magana: filtar fetur ta motar injekta tana kama abin da ya kai maikiron 10 ko kusa da haka. Kaurin gashin kan mutum yana wajen maikiron 70. Dattin da ke cinye injekta ido ba ya ganinsa. Saboda haka fitar jan ruwa lokacin wanki ba ya nufin ramukan takardar sun buɗe.

Direban Sharon:
Ni alamomin nake so a yi magana a kansu, don su ne suka fi amfani ga direba. Abuja zuwa Jos nake yi. Filta in ta fara shaƙewa ba a cikin gari take nuna kanta ba. A silo mota lafiya, a go-sulo lafiya, don man da inji ke nema kaɗan ne. Sai ka ɗauki cikakken lodi ka iso Hawan Kibo, ka taka totur, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ta riƙa fizga, ƙarfi yana zuwa yana ɗaukewa, ka rage giya ka lallaɓa. Kana gama hawan ta dawo daidai kamar ba ita ba. Haka in ka fito za ka wuce tirela, daidai lokacin da kake neman ƙarfi ta riƙe. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don rayukan mutane ne a bayanka kuma ga wata motar tana tahowa.

Duk direban da ya ji haka ko sau ɗaya, kada ya ce bari in ga ko za ta sake.

Mai Camry:
Amma fulogi ma yana sa fizga, kwayil ma haka. Ta yaya mutum zai bambance? An taɓa canza mini filta a wani gareji a kan fizga, ashe kwayil ɗaya ne ya mutu.

Injiniya:
Da awo ake bambancewa, ba da kunne ba. Akwai gejin auna ƙarfin turin mai, ana ɗaura shi a tiyon da ke zuwa inji. Corolla irin ta Hajiya ya kamata ta nuna tsakanin psi 44 zuwa 50. In a silo yana nan daidai amma da an taka totur allurar ta faɗi, to mai ba ya isowa yadda ya kamata: ko filta, ko raga, ko famfon ya gaji. In allurar ta tsaya cak amma mota na fizga, a nemi matsalar a wajen wuta. Kwamfutar duba mota ma tana taimakawa da lambobin matsala da take nunawa. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a cakuɗin, P0087 na nufin turin mai ya yi ƙasa, P0300 da 'yan uwanta zuwa P0304 na nuna silinda na tsallake wuta. Sai dai P0171 ba ta rantse cewa filta ce ba, tiyon iska da ya tsage ko na'urar auna iska da ta yi ƙura ma suna kawo ta. Bakaniken da ya ce filta ce tun bai ɗaura komai ba, canka yake yi.

Baba Bakanike:
Ƙarin alama guda: kukan famfo. A motoci da yawa, ka murɗa makulli ba ka tayar ba, za ka ji ɗan zuuu daga baya na daƙiƙa biyu ko uku, wannan lafiya ne. In kukan ya yi tsini, kana jinsa har kana tafiya, famfo yana wahala ne. Yana turawa, gaba a toshe, sai ya ɗau zafi. Yawancin famfunan da nake cirewa a mace, filtarsu ce ta kashe su. Kuma ga inda ake cutar mutane: a sa sabon famfo a cikin tsohon gida da tsohuwar filta da tsohuwar raga. Ba zai daɗe ba shi ma zai bi na farko, a ce wai famfon jabu ne. Duk ranar da aka buɗe tanki don famfo, filta da raga su tafi tare da shi, a leƙa gindin tankin da tocila, in da laka a sauke shi a wanke.

Hajiya Mai Shago:
Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya tsaya mini a rai gurɓataccen man nan ne na 2022. In mutum yana da sabuwar filta a lokacin, da ta kare shi?

Injiniya:
Da ba ta kare shi ba, Hajiya, kuma yana da kyau a san iyakar aikinta. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya bayyana cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa, aka shiga dogayen layuka. Methanol ruwa ne da ke narkewa cikin fetur, yana ratsa takarda kamar yadda fetur ɗin ke ratsawa. Haka kananzir in an haɗa da shi. Filta ƙwayar datti take kamawa: tsatsa, yashi, ɓarɓashin roba. Ruwan sama da ya shiga tanki ma filtar fetur ba ta raba shi da mai, sai dai ya jiƙa takardar ta kumbura. Maganin mugun mai shi ne a zuƙe shi a fitar daga tanki, sannan a canza filtar saboda abin da ya kwaso ya tara mata.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga Zinder. Mu nan matatar SORAZ tana kusa da mu tun 2011, amma shekara da shekaru isansin ruwa-ruwa, wato fetur na bumburutu, da ke shigowa daga wajenku shi ne a bakin kowace hanya, cikin kwalabe da bido, wato jarka, don ya fi araha. Tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023 ya ragu sosai. Abin da na lura, ba man ne ke zuwa da datti daga asali ba, hanyar da yake biyowa ce. Daga wannan bido zuwa wancan, a buɗe, ga iska ga rairayi. Masu hankali a cikin masu sayarwa suna ɗaura ƙyalle a bakin mazurari. Ni in dole ta sa zan saya, sai na ɗaga kwalbar na duba ta a rana. Ruwa ya fi isansi nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa. Masu zuwa Agadez da Land Cruiser kuwa ba wanda ke tashi ba filta ta biyu a cikin kayansa.

Direban Golf:
Ka ji magana. Ni ma akwai ɗaya a but ɗina kullum, da sukundireba.

Alhaji Mai Hilux:
Tun ɗazu ana ta fetur, mu masu gas, wato dizal, an bar mu a baya, alhali mu abin ya fi shafa. Ina da Hilux da nake kai kaya gona da ita. Injiniya, ka faɗa wa mutane bambancin, don na ga masu sabuwar Hilux da Hiace suna ɗaukar lissafin motar fetur suna ɗora wa tasu.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, kuskure ne mai tsada. Injin dizal na zamani, irin na Hilux daga 2005 zuwa sama, yana matse mai da ƙarfin da ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi kafin ya fesa. Tayar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka, ka ga nisan. Famfon da ke wannan aiki da injektocinsa man dizal ɗin ne da kansa ke zame musu man shafawa. Ruwa ya shiga, shafawa ta ɗauke, tsatsa ta kama, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Shi ya sa filtar dizal ta fi ta fetur ƙananan ramuka, kuma an yi mata wurin tara ruwa a gindinta da abin da ke kunna wuta a dashbod.

A Hilux ɗin nan wutar iri biyu take magana. In tana ƙyaftawa, ruwa ya taru, a kwance 'yar kusar da ke ƙasan filtar a tsiyaye shi, a danna famfon hannu da ke samanta har mai zalla ya fito, a ɗaure. In ta kama ta tsaya ba ƙyaftawa, filtar ce ta toshe, a canza. Ra'ayina ga mai dizal a ƙasar nan, kada ya wuce kilomita 20,000, in kuma daga durom yake sha a gona ko wajen aiki ya rage zuwa 10,000.

Alhaji Mai Hilux:
Daga durom nake sha, don gonar ta yi nisa da gari. Abin da na koya shi ne durom ɗin ma yana son kula. Ba na barinsa a tsaye a fili ruwan damina ya kwanta a kan murfinsa, don yana tsotsar ruwan ta bakin in ya huce da dare. In an kawo shi nakan bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kuma ba a kai tiyo har gindi. Ina kuma roƙon direbobi, wutar nan in ta kama kada a sa baƙin salatif a rufe ta. Na ga wanda yaronsa ya yi haka, kuɗin injekta huɗu da famfo ya kusa sayen ƙaramar mota.

Hajiya Mai Shago:
To maganar da ake yi cewa in ka bar mai ya kai rizab famfo yana zuƙo dattin ƙasan tanki fa? Da tsadar man nan yawancinmu a jan layi muke yawo.

Injiniya:
Bakin famfo a ƙasan tanki yake ko tanki a cike ko babu komai, don haka kullum daga ƙasa yake sha. Illar yawo a rizab ta wani wajen take. Fetur ɗin da famfon ke nutse a ciki da wanda ke bi ta cikinsa shi ke sanyaya shi. Mai ya yi ƙasa, ka sha kwana ko ka hau tudu, ya zuƙi iska, ya yi zafi.

Baba Bakanike:
A takarda haka ne, amma ni hannuna ya nuna mini ƙari. Datti cokali ɗaya a cikin lita 40 daban yake da cokali ɗaya a cikin lita 3 da ke ta kaɗawa a hanya mai gargada. Ragar masu yawo a rizab ta fi saurin yin baƙi, wannan na gani ba sau ɗaya ba. Kuma tankin ƙarfe da ke zama rabi babu mai yana yin gumi a ciki lokacin sanyi da damina, daga nan tsatsa ke farawa. Wanda ya iya, ya riƙe ta a kwata zuwa sama. Kuɗin man dai ɗaya ne, cikon farko ne kawai mai nauyi.

Injiniya:
Na karɓi maganar gumin, musamman a tsofaffin motoci masu tankin ƙarfe. Sababbi da yawa na roba ne, ba sa tsatsa. A batun ragar dai ina nan a kan cewa datti daga gidan mai yake zuwa, ba daga yawan man da ke tanki ba.

Direban Sharon:
Shi ya sa ni in na ga tanka tana sauke mai a gidan mai nake wucewa gaba. Man da ke zubowa yana tayar da abin da ya kwanta a rijiyarsu. An ce famfunansu na da filta, amma wa ya san yaushe rabon da a canza ta? Gidan mai biyu na riƙe a hanyata, masu ciniki sosai, mai ba ya kwana musu.

Mai Camry:
Saura maganar jabu. Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, a ɗauko maka kwali uku duk da tambarin kamfani ɗaya, kuɗi uku daban. Wani ma cewa yake gara Beljiyam da sabuwa.

Baba Bakanike:
A wasu kayan na yarda Beljiyam ta fi, amma ban da filta. Filtar Beljiyam dattin wata ƙasa ka saya. In gidan famfo gaba ɗaya ka sayo na Beljiyam, ka sa masa sabuwar raga da filta kafin ya shiga tanki. Wajen sabuwa kuwa, ka je da lambar shasin motarka ko tsohuwar a hannu. Ka ɗaga ka ji nauyi, ta jabu ba ta da nauyi don takardar ciki kaɗan ce. Ka girgiza, in wani abu na motsi a ciki ka ajiye. Ka duba haɗin bakinta. Kuma ka riƙe mai shago ɗaya da zai ji kunyarka in ka dawo. Araha ba ta ado.

Ga masu ɗaurawa da kansu, da yaran gareji da ke cikin wannan zaure, ku ji wannan don Allah. Layin man motar injekta a matse yake ko an kashe mota. A cire fiyus ɗin famfo, a tayar da mota ta mutu da kanta, sannan a cire kan batir na baƙar waya. A yi aikin a fili, ba sigari, ba mai walda a kusa, ba a haska tanki da ashana ko laita. Akwai kibiya a jikin filta, tana kallon inji. Mai ɗaurin kusa da wasar tagulla, irin ta tsohuwar Camry, a sa sababbin wasa, tsofaffin ba sa sake kamawa. An gama a murɗa makulli sau biyu ko uku ba a tayar ba, a duba ko akwai ɗigo, sannan a tayar. Kuma a daina zuƙar fetur da baki, yana shiga huhu.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya da kowa. Tunda ban san ko an taɓa canzawa ba tun zuwanta, zan sa a auna turin man tukuna, in canza sau ɗaya wajen wanda ya san aikin, in rubuta mileji.

Baba Bakanike:
Haka ya yi, 'yata. Ki je tanki na ƙasa da rabi, aikin ya fi tsabta. Ki ce a sayo har da robar bakin tankin, kuma a nuna miki tsohuwar filtar bayan an cire.

Malamin Makaranta:
Afuwan na shigo a makare. Ni na mayar da 406 ɗina mai amfani da iskar CNG, fetur sai wajen tayarwa da safe. Tunda ba na ƙona shi sosai, ina ganin filtata ta huta ke nan?

Injiniya:
Ba ta huta ba, Malam, lissafinta ne ya koma na watanni maimakon kilomita. Fetur in ya daɗe a tanki yana tsufa, ya yi duhu, ya fara danƙo, danƙon kuma a filta da injekta yake zama. A motoci da yawa da aka juya, famfon fetur yana ci gaba da aiki ko kana kan CNG, don haka kada ka bar tankin ya bushe. Ka riƙa tafiya da fetur ɗin lokaci-lokaci har inji ya yi zafi, kana ƙara sabo kaɗan-kaɗan maimakon ka cika ka manta da shi. Filtar 406 a waje take kusa da tanki, ka canza ta duk shekara 2 ko da tafiyar ba ta kai ba. Sannan layin CNG ɗin yana da tasa filtar daban, ka koma wajen waɗanda suka haɗa maka su nuna maka inda take da lokacin canjinta.